Wanda ya ci da ɗanka, yana binka bashi

Mai karatu, dubi garinku. Kaka ta wuce, maza sun tafi cin rani. Wani ya nufi Agadas, wani Libiya, wani Abijan. Yara sun rage wajen kakarsu, ko kawunsu, ko uwarsu da aka saki. Shekara 1, shekara 2, ko dala ba ta zo ba. Ranar da uba ya komo da sabon babur, sai ya ce: "Allah shi saka da alheri." Shi ke nan.

Kai uba, wannan ba zumunta ba ce. Cin amana ne.

Ciyar da yaro nauyin uba ne. Tambayi limamin garinku. Littafin Risala ya bayyana shi: uba ya ci da ɗansa namiji har ya balaga, ya ci da ɗiyarsa har mijinta ya ɗauki nauyinta. Saki ba ya sauke wannan nauyi. Tafiya ma ba ta sauke shi.

Malaman Malikiyya sun ƙara bayani. In uba yana da hali, wani ya ci da ɗansa da niyyar a maida masa, to yana da ikon biɗar abinsa. Zai rantse bisa niyyarsa, uba ya biya. In don Allah ya yi, ladarsa na wajen Allah. In uba ba shi da ko sisi a lokacin, ba a binsa kome.

Mu yi lissafi. Mu ce yaro na cin tiya 1 ta hatsi cikin kwana 4. Cikin kwana 360, tiya 90 ke nan. Buhu tiya 40 ne. Ka ga ya fi buhu 2. Ba mu sa tufafi ba, ba mu sa magani ba. Wannan hatsi daga rumbun wa ya fito? Daga rumbun tsohuwar da ta rage cin kanta.

Za ka ce ɗa na kowa ne. Gaskiya ne wajen tarbiyya. Amma ranar auren ɗiya, wa ke zuwa karɓar dukiya? Kai ne. Wanda ya san ranar karɓa, ya san ranar biya.

Ke mai riƙo, kai mai riƙo, kunya ba ta cika rumbu. Tun ranar farko, faɗi niyyarka gaban shaidu 2. Yanzu ka iya rubutu: sami littafi, rubuta hatsi da kuɗin magani da kwanan wata. In uba ya ƙi, kai magana wajen maigari, sa'an nan wajen sarki, su sasanta ku. In abin ya faskara, akwai alƙali. A Nijar, tun dokar 1962, alƙali na duba al'adar mutane cikin shari'ar iyali.

Kai kuma uba, kada ka bari a kai ka gaban jama'a. Aika da kuɗin hatsi kafin ka sayi babur.