Wa ke duba iyakwandishan bayan an kafa ta a bango?

Gana ta yi abin a yaba mata a bakin ƙofa. Tun 2005 doka ta ce duk sabuwar iyakwandishan da za a sayar a ƙasar sai an manna mata takardar taurari mai nuna yawan wutar da take sha, a 2008 kuma aka haramta shigo da tsofaffin da Turawa suka gama ci suka yar. To amma da zarar na'urar ta fita tashar Tema an kafa ta a bangon ofis, shi ke nan, babu mai sake waiwayarta sai ranar da ta mutu.

A Ingila ba haka abin yake ba. Duk ginin da ƙarfin sanyayawar na'urorinsa ya haura kilowat 12, wato kamar ƙananan iyakwandishan huɗu irin na ofisoshinmu in an haɗa su, dole ƙwararre mai lasisi ya zo ya duba su aƙalla sau ɗaya a shekara biyar. Tushen dokar wani umarni ne na Tarayyar Turai na 2002. Mai binciken zai duba matatar iska, ya duba ko iskar gas na yoyo, ya ga yadda aka saita ma'aunin sanyi, sannan ya auna ko na'urar ta yi wa ginin girma. Wannan na ƙarshen shi ne mutane ba su cika lura da shi ba: na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki kunnawa da mutuwa take ta yi, tana shan wuta a banza.

Dokar tasu ma tana da rami, kada mu kwafo ta da raminta. Tarar wanda bai yi binciken ba fam 300 ce kacal, kuma ba a tilasta wa mai gini ya aiwatar da shawarar da aka ba shi. Yana iya karɓar rahoto ya jefa a durowa.

Mu ne ma muka fi su bukatar irin wannan. Su 'yan watanni suke kunna nasu, mu kuwa kusan shekara zur. Ga ƙurar hunturu, musamman a Tamale da Bolga, da ke toshe matata cikin 'yan makonni, sai injin ya riƙa nishi kafin ya ba da rabin sanyin da ya saba. Kowa ya taɓa shiga ofishin gwamnati ya tarar da taga a buɗe, iyakwandishan na ruri, mai ofishin kuma ya tafi cin abinci. Kuɗin wannan wutar daga aljihun wa? Na mai sayar da koko a Nima ne, wadda ba ta da ko fanka. Kuma waɗanda suka sha wahalar dumsor ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da ke biyo baya idan wuta ta gaza.

Shawararmu ga Hukumar Makamashi ita ce a fara da ma'aikatu, manyan otal-otal da bankuna, a bar gidajen mutane tukuna. Shekara biyar ta yi nisa ga ƙasa mai ƙura, a mai da shi duk shekara biyu. A horar da masu gyaran firji da iyakwandishan da ke zangonninmu a ba su lasisin binciken, don su suka san cikin waɗannan na'urori. Rahoton kowace ma'aikata kuma a manna shi a bakin ƙofarta, da ranar da za a kammala gyara.