Ra'ayi: A ɗauki hotunan tsofaffin rumbunan ƙasar Arewa tun kafin su rushe

A birnin Buffalo na Amurka, inda aka gina rumbun hatsi na farko mai aiki da injin tururi a farkon shekarun 1840, yau mutane na biyan kuɗi don a zagaya da su cikin dogayen rumbunan siminti da aka daina amfani da su. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa, wani tsohon rumbun masara ne aka mayar gidan adana kayan zane-zane a 2017. Su can sun ɗauki rumbun da ya mutu a matsayin shafin tarihi.

Ƙasar Arewa, wato gundumomin Tibiri da Dogon Dutsi a jihar Dosso, ba ta da irin waɗannan dogayen gine-gine. Amma tana da nata: tsofaffin mangazu masu rufin kwano, ɗakunan bankin cimaka da aka garƙame, da rumbunan ƙasa da ake bari damina ta cinye. Ya kamata matasan yankin, da kowa ke riƙe da waya mai kyamara, su fara ɗaukar hotunansu yadda ya dace.

Darasin yana Kano. Dalar gyada, wadda ake danganta ta da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, ta taɓa zama alamar arzikin arewacin Najeriya. Bayan fari da cutar gyada na shekarun 1970 da zuwan kuɗin man fetur, dalar ta ɓace. Ba a bar ko buhu ɗaya ba. Abin da ya hana 'yan baya cewa tatsuniya ce shi ne hotunan da wasu suka ɗauka.

Nijar ma ta yi nata zamanin gyada. An kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyada da fitar da ita, kuma kafin yuraniyom ya karɓi ragama, gyada ce kan gaba a kayan da ƙasar ke sayarwa waje. A 1970 aka kafa hukumar OPVN domin tanadin cimaka. Ba a jima ba farin 1973 zuwa 1974 ya auku, kuma yadda aka tafiyar da agajin abinci na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Bayan yunwar 1984, da kuma ta 2005, ƙungiyoyin agaji sun yi ta gina bankunan cimaka a ƙauyuka: a sayi gero da kaka, a sayar wa jama'a da rahusa lokacin da rumbunan gida suka ƙare. Wasu sun ɗore. Da yawa sun durƙushe saboda bashin da ba a biya ba, rashin iya riƙon lissafi, ko tafiyar masu tallafi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamunna ya bar gini a wani wuri. Matashin da ya tashi a Yamai, ko wanda ke ci-rani a Legas, Kwatano ko Aljeriya, ya san sunayen Kore Mairuwa, Gecheme da Dumega, amma da wuya ya san wane ɗaki ne ya ciyar da kakanninsa a shekarar yunwa, ko me ya sa aka rufe shi.

Akwai masu cewa wannan tonon silili ne, a ɗauki hoton kango a watsa wa duniya talaucin gida. Suna da hujja idan abin ya tsaya ga saurayi ya jingina da tsatsattsen ƙyaure ya saka a TikTok. Hoton da ake magana a kai daban ne. Yana zuwa da sunan gari, da ranar da aka ɗauke shi, da muryar dattijon da ya san wanda ya gina ɗakin, buhu nawa yake ci, da shekarar da aka daina zuba hatsi. Irin wannan hoto tambaya ce ga hukumomin gari: ɗakin nan zai gyaru, ko an bar shi ke nan? Gani ya kori ji.

Rumbun gargajiya ma ya cancanci kulawa. Yadda ake ɗora shi kan duwatsu don gudun danshi da gara, yadda ake jera damman gero da zangarniyarsu don su daɗe, da yadda ake ɗinka masa jinka, ilimi ne da ke hannun tsofaffi. Yayin da buhu da sito ke maye gurbinsa, maginan na raguwa.

Aikin na da ladubbansa. A fara gaida mai gari a nemi izini. Kada a shiga ginin da rufinsa ya ruɓe, kada a ɗauki hoton ma'ajiyar gwamnati da ke aiki ba tare da amincewar hukuma ba. Yankin na kan iyaka da Najeriya, kuma halin tsaro ya sa baƙo mai kyamara na iya jawo zargi, don haka 'yan gari ne suka fi dacewa da aikin.

Sauran nauyin na kan ƙungiyoyin 'yan asalin yankin da ke birane da ƙasashen waje. Su da ke haɗa kuɗin gina masallaci da rijiya za su iya tattara hotunan wuri guda, su miƙa kwafi ga ma'aikatun magajin gari da Jami'ar Dosso. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A ƙasar da damina ɗaya ke iya raba ƙoshi da yunwa, sanin abin da ya kashe rumbun jiya shi ne matakin farko na raya na gobe.