Cuta Ba Ta Zuwa Da Ƙafarta

Jama'a, in annoba ta faɗa wa garke sai ka ji ana cewa iska ce ta kawo ta. Ni kuwa a ganina, galibin cuce-cucen da ke ƙarar da dabbobinmu mu ne mu ke sayo su da kuɗinmu, mu biya ladan mota, mu shigo da su har cikin gida.

Dattawan Filani ba su manta da bushiya ba. Wajen 1887 ta shigo Afirka ta Eritiriya, cikin shanun da aka sauke daga jirgin ruwa, ba a yi shekara biyar ba ta iso ƙasashenmu ta share garkuna. A 1962 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka haɗa kai suka shiga yi wa shanu allura. Da aka ga ta lafa sai aka yi sake, ta komo wajen 1983 ta yi ɓarna mai yawa. Sai a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya duka. Amma ciwon huhu da boru da saifa da annobar awaki da tumaki suna nan, kuma hanyar da bushiya ta bi ita su ke bi, watau kasuwa da mashaya da burtali.

To, abin da na ke roƙo ba ya cin kuɗi. Kowace dabba ka sayo, ko daga wurin ɗan'uwanka ne, ka ɗaure ta nesa da naka har mako uku, da kwanon ruwanta dabam. Ka fara ba naka abinci, sa'an nan ka je wurin baƙuwar. Dalili kuwa, akuya ta kan ɗauki annoba ta yi kwana huɗu zuwa shida tana cin abinci sumul kafin majina da zawo su bayyana, ran kasuwa ko dillalin da ya fi kowa ido ba zai gane ba. Haka wadda ka kai kasuwa ba ta sayu ba, in ta komo ta zama baƙuwa. Ciwon huhu shi ya fi wuya, gama saniya ta kan warke a ido alhali tana ɗauke da shi watanni. Shi kam sai an haɗa da allura, ga ta ana yinta a Vom, inda aka kafa ma'aikatar binciken dabbobi tun 1924.

Masu kaji su ya kamata su fi kowa tsoro. A watan Fabrairu 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye mai kisa a wata gonar kaji a Jaji, kusa da Kaduna. Cikin 'yan watanni ta bazu jihohi da dama, a farkon 2007 har ta kashe wata mace a Ikko. Ta sāke tashi a 2015 da 2021. Tsuntsayen daji suna da nasu laifi, amma daga gona zuwa gona takalmi ne da tayar mota da kwalin ƙwai da buhun kashin kaji su ke kai ta. Mai sayen ƙwai ya shiga gona biyar kafin azahar, me ya kai shi cikin ɗakin kajinka? Ya tsaya a ƙofa a miƙo masa. Na kan ga kwanon ruwan magani a bakin ƙofa ya yi mako ba a sāke ba, ya zama taɓo. Wannan ado ne kawai, domin laka tana kashe ƙarfin magani. A wanke takalmi da ruwa tukuna, a tsoma, a sāke ruwan maganin kullum.

Kiwon kifi sabo ne a wurinmu, shi ya sa mutane su ke tsammani kifi ba ya ciwo. Ku tambayi mutanen Gana. A ƙarshen 2018 wata cuta ta faɗa wa karfasar da a ke kiwo a tafkin Volta, ta kashe ƙananan kifi ba adadi. Masu tarwada su kula da inda su ke sayen 'ya'yan kifi, su ajiye sababbi a wurinsu dabam, kada kuma ruwan wannan tafki ya zuba cikin wancan. Komar masu saye da bahonsu sun zaga tafkunan gari duka, sai ka tanadi taka komar, ka riƙa shanya ta ta bushe ƙayau. Bayan an kwashe kifi a tsiyaye ruwa, a watsa farar ƙasa, a bar rana ta dake shi. Jefa wa tarwada mushen kaji kuwa, wai don sauƙin abinci, lalle a bari.

Akwai abin da ya fi waɗannan muni, shi ne wuƙa. Dabba ta kwanta, sai a yi maza a yanka kada a yi hasara. In saifa ce, wadda za ka ga baƙin jini yana fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, mai fiɗa da mai ci duk suna cikin hatsari, ƙwayar cutar kuma ta kan zauna cikin ƙasa shekaru da yawa. A Yuli 2023 an same ta a wata gona wajen Suleja. Irin wannan gawa ba a farke ta. A kira malamin dabbobi, a haƙa rami mai zurfin ƙafa shida a binne.

Na san amsar da za a ba ni: in na kai rahoto a zo a kashe mini kaji, wa zai biya ni? Wannan magana tana da gaskiya. A 2006 naira 250 aka fara yankawa diyyar kaza ɗaya, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba, saboda haka waɗansu suka ɓoye, suka sayar da dare. Hukuma in tana son a kawo mata labari da wuri, sai ta ware kuɗin diyya tun annoba ba ta zo ba, ta biya daidai da farashin kasuwa, cikin watan da aka kashe kajin.