A Dawo Mana Da Jirgin Kano Zuwa Legas

Ƴan'uwa ɗalibai, duk wanda ke ajin ƙarshe ya san abin da ke gabansa. Masu ND za su tafi neman wurin koyon aiki na shekara guda, masu HND kuma bautar ƙasa na jiran su, kuma babu wanda ya san inda za a jefa shi. Idan Ogun ce ko Oyo ko Legas, lissafin farko shi ne kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama abin da ke hana iyaye barci.

Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu ɗaga murya a kan jirgin ƙasan da a da yake zirga-zirga tsakanin Kano da Legas sau ɗaya a mako. Layin nan tun 1912 yake, tsawonsa ya haura kilomita 1,100. Bayan an gyara shi, jirgin fasinja ya dawo aiki a watan Disambar 2012: ya tashi daga Iddo ranar Juma'a, ya bi ta Ibadan, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna da Zariya, sannan ya juyo daga Kano ranar Litinin. A 2022, bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna, aka dakatar da shi saboda matsalar tsaro.

Na san abin da wasu za su ce: ai jirgin nan tafiyar kunkuru yake yi, sai ka shafe awa talatin ko fiye kana hanya. Gaskiya ne. To amma ɗalibin da ke ɗauke da katifa da akwati da buhun garin kwaki ba sauri ne damuwarsa ba. Damuwarsa ya isa lafiya da ɗan canji a aljihu. A jirgi akwai wurin miƙe ƙafa, akwai banɗaki, babu shingen da za a tsayar da kai kowane ƴan kilomitoci.

Wasu kuma za su ce mu jira sabon layin dogo na zamani. Madalla da shi. Amma na Legas a Ibadan ya tsaya, na Abuja kuma a Kaduna. Har sai an haɗe su, tsohon layin ne kaɗai ya ratsa daga Kano har bakin teku. Kuma layin da jirgi ba ya bi, ɓarayin ƙarfe ne ke gadonsa.

Batun tsaro fa ba wasa ba ne. Sai dai hanyar motar da muke bi yanzu ma ba ta tsira ba. Jirgi ɗaya a mako ya fi sauƙin rakiya da sa ido fiye da ɗaruruwan motoci masu tafiyar dare.

Buƙatarmu ba ta da yawa: jirgi ɗaya a mako, ranar tashi tsayayya, jami'an tsaro a ciki, da rangwame ga mai katin makaranta. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu su rubuta wa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ƴan majalisarmu, su kuma kai maganar gaban NAPS. Mu da muke karanta injiniyanci da harkar sufuri, in ba mu yi magana a kan layin dogo ba, wa zai yi?