RA'AYIN JARIDA: Idan shagunan Daɗin Kowa suka rufe, ina maƙwabta za su haɗu?

Daɗin Kowa da ake magana a nan ita ce unguwar da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, a kan babban titin Yakubu Gowon da ya haɗa Jos da Bukuru, ba garin madatsar ruwa na Jihar Gombe ba. Wanda ya saba bin titin zai lura da abin da ya zama ruwan dare a biranen Najeriya cikin 'yan shekarun nan: shagon da aka yi wa sabon fenti bara, bana an garƙame shi da kwaɗo an manna takardar neman mai haya, gidan abincin da a da yake kaiwa dare, yanzu da la'asar an kife tukwane, mai kantin da ya rage kaya har katakon jera kaya ya fi kayan yawa. A wani gari ana iya cewa sha'anin kasuwa ne, yau riba gobe faɗuwa. A Jos, kuma a wannan unguwa musamman, lamarin ya wuce haka.

Dalili yana cikin tarihin birnin. Tun rikicin 7 ga Satumba, 2001, da waɗanda suka biyo baya a Nuwamban 2008 da Janairun 2010, Jos ta rabu gida biyu. Iyalai sun sayar da gidajen da suka gada, sun koma inda masu addininsu suka fi yawa. An sami unguwannin da Musulmi ba ya shiga hankali kwance, da waɗanda Kirista ba ya shiga. Daɗin Kowa tana cikin 'yan unguwannin da suka ƙi bin wannan hanya. Musulmi da Kirista sun ci gaba da zama katanga ɗaya, kuma a lokacin da unguwannin da ke kusa suke cin wuta, ba a yi kashe-kashe a cikinta ba. Abin ya ja hankalin masu bincike har daga ƙasashen waje. Jana Krause, a littafin da ta wallafa a 2018, ta kwatanta unguwar da Anglo Jos, inda aka yi faɗa, ta nuna yadda dattawa da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata suka ja wa matasansu kunne, suka kuma hana na waje shigowa da fitina.

Sai dai alkawarin dattawa ba ya rayuwa shi kaɗai. Abin da ke ciyar da shi shi ne hulɗar yau da kullum. Mahauci Bahaushe yana sayar wa matar da ke dafa abincin sayarwa nama, wani lokaci bashi sai yamma. Ita kuma tana ciyar da makanike da direban keke Napep da ma'aikacin banki a benci ɗaya. Mai shayi ya san 'ya'yan kowa, mai kantin magani ya san ciwon kowa. Mutumin da kake bin sa kuɗin tumatir, ko yake bin ka na burodi, da wuya wani baƙo ya zo ya shawo kanka cewa maƙiyinka ne. Duk shagon da ya rufe a irin wannan unguwa, an rasa wuri guda da mutane biyu masu addini daban suke gaisawa ba tare da wani ya shirya musu taron sulhu ba.

Yawan shaguna a unguwannin Jos shi ma yana da asali. Babbar kasuwar Terminus, wadda aka fara tunaninta a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, ta kasance abin alfaharin jihar, da rumfuna sama da 4,000 a ƙarƙashin rufi ɗaya. Gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002. A Mayun 2014 bama-bamai suka tashi a gefenta, suka hallaka mutane fiye da 100. Yunƙurin da gwamnatin Simon Lalong ta yi a 2022 na sake gina ta tare da Bankin Jaiz ya gamu da turjiya, aka sanya addini a cikin maganar, aikin ya tsaya. Fiye da shekara 20 ke nan birni mai girman Jos ba shi da cibiyar kasuwanci da ta dace da shi. Ciniki ya watsu zuwa bakin tituna da cikin unguwanni. Masu gidaje suka fasa katangar gaba suka fitar da shaguna, masu hali suka gina benaye, ƙasa kantuna da gidajen abinci, sama ofisoshi ko ɗakunan haya. Daɗin Kowa, da yake tana kan hanya kuma kowa yana iya shigarta, ta sami rabonta mai tsoka na wannan gine-gine.

Waɗannan shaguna ne guguwar tsadar rayuwa ta tarar. A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin Band A daga naira 68 zuwa 225. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024, hauhawar farashi gaba ɗaya kuma ta kai kashi 34.8 a Disamban shekarar. Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5, abin da ya sa rancen banki ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa. Gaskiya ne alƙaluman sun sauko daga baya, kuma farashin wasu hatsi ya yi sauƙi. Amma jarin da ya narke bai dawo ba, kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gidan abinci shi ya fi kowa shan wuya, domin wuta tana cin sa ta gaba da baya. Shinkafa da mai da nama da iskar gas duk sun tashi, firji yana buƙatar lantarki, lantarki in ya ɗauke sai janareta. Mai gidan ba ta isa ta ɗora duk wannan a kan kwanon abinci ba, saboda masu cin abincin ma'aikata ne da ɗalibai da masu sana'ar hannu, waɗanda abin da suke fara yankewa idan aljihu ya yi zafi shi ne cin abinci a waje. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Sai ta rage nama, ta rage ma'aikata, ta rage awannin buɗewa, daga ƙarshe ta mayar da mabuɗi. Abincin da ya kwana kuwa asara ce tsantsa, saɓanin atamfa ko siminti da za su jira mai saye. Lokacin da yawancin jihohin Arewa, har da Filato, suka shafe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024 saboda lalacewar manyan layukan lantarki, masu firji ne suka fara zubar da kaya.

Akwai kuma nauyin da Jos ta keɓanta da shi. Duk lokacin da aka sa dokar hana fita, kamar a Agustan 2021 da Agustan 2024, haya tana ci gaba da tafiya, kayan miya suna ruɓewa, ciniki kuwa ya tsaya cik. Ko bayan an ɗage dokar, tsoro yana mayar da mutane gida da wuri, alhali cinikin gidan abinci da mai tsire da mai shayi na dare ne. Hare-haren da ake kai wa ƙauyukan Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, yankunan da ke noma dankalin Turawa da masara da kayan lambu, suna korar manoma daga gonakinsu, kuma sakamakon yana bayyana a farashin kasuwar Farin Gada, daga nan ya shiga tukunyar kowane gidan abinci. Tsaron ƙauye da cinikin birni igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

A kan wannan sai a ɗora haya da haraji. Al'adar karɓar kuɗin hayar shekara guda a dunƙule tana cinye jarin mai fara sana'a tun kafin ya sayar da komai. Masu karɓar kuɗaɗe kuma layi suke yi: na jiha, na ƙaramar hukuma, na tsaftar muhalli, na allon talla, na lasisin abinci, kowa da rasidinsa. Ƙaramin ɗan kasuwa bai ƙi biyan haraji ba. Abin da ke karya shi shi ne rashin sanin nawa zai biya a shekara, da wa zai ba, da kuma ranar da wani zai zo da kwaɗo.

Masu ganin cewa maganin matsalar shi ne a gina katafaren kanti na zamani su dubi Kano. An buɗe Ado Bayero Mall a 2014 da ɗoki mai yawa, Shoprite ne ginshiƙinsa. Kamfanin na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021, kuma a Janairun 2024 reshen Kano ya rufe, daga baya wani reshe a Abuja ya bi sahu. Idan kanti mai wannan ƙarfi, a birnin da ya fi kowane birnin Arewa ciniki, bai jure ba, to gilashi da na'urar sanyaya ɗaki ba su ne ke kawo mai saye ba. Kuɗi a hannun jama'a da sauƙin kuɗin gudanarwa su ne ke kawo shi.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowane shago da ya rufe gwamnati ce ta kashe shi ba. Wasu sun buɗe ne don sun ga maƙwabci ya buɗe, shaguna biyar a jere suna sayar da abu ɗaya. Wasu ba sa rubuta shiga da fita, suna cin jari suna zaton riba ce. Masu gidajen ma suna da hujja, domin siminti da rodi sun yi tsada, kuma da yawansu 'yan fansho ne da hayar ce abincinsu. Dokar da Gwamna Caleb Mutfwang ya sa wa hannu a 2024 don hana kasa kaya a kan titi da gine-gine ba bisa ƙa'ida ba tana da manufa mai kyau, birni ba ya zama babu tsari. Amma tsari yana cika ne idan wanda aka tasa an nuna masa inda zai koma, a farashin da zai iya.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Gwamnatin Filato da Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu su haɗa kuɗaɗen da ake karɓa daga ƙananan shaguna su zama guda ɗaya, a bayyana adadinsa a fili, a biya ta banki, a kuma yafe na watannin da dokar hana fita ta hana ciniki. Hukumar raya birnin Jos, JMDB, ta ƙirga shagunan da ke aiki da waɗanda ke rufe a kan titin Yakubu Gowon, ta riƙa wallafa adadin duk shekara, kafin ta ci gaba da ba da izinin sababbin benaye. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma Filato ba baƙuwa ba ce a wannan fage, tunda kamfanin NESCO yana samar da wuta daga ruwan Kurra tun zamanin haƙar kuza. Rukunin shaguna irin na Daɗin Kowa su ne suka fi dacewa a fara gwada musu wutar rana ta haɗin gwiwa. Batun kasuwar Terminus kuma a fitar da shi daga rigimar addini, a bayyana sharuɗɗan kowace yarjejeniya tun kafin a sa hannu, a tabbatar rumfunan sun isa ga kowane ɓangare.

Masu gidaje su yarda da hayar wata-wata ko ta wata uku, domin shago a rufe ba ya biyan ko sisi. 'Yan kasuwar su farfaɗo da adashi da ƙungiyoyin gama kai, su riƙa sarin shinkafa da mai da gas a dunƙule. Dattawa da limamai da fastocin unguwar, waɗanda suka taɓa tsayawa suka hana a zubar da jini, su sa maganar haya da aikin yi ga matasa cikin abin da suke tattaunawa, domin yaron da aka sallama daga gidan abinci yau, shi ne mai zaman banza a bakin titi ranar da jita-jita ta tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun kashe kuɗi masu yawa a tarukan zaman lafiya a otal-otal na Jos. Daɗin Kowa ta daɗe tana yin wannan aiki kyauta, a kan bencin mai shayi da teburin mai tuwo. Taimaka wa waɗannan su ci gaba da buɗewa kowace safiya ya fi sauƙi da araha a kan sake haɗa unguwar da ta riga ta rabu, kuma mutanen Jos sun fi kowa sanin haka.