Kada Bahuli Ta Jira Wata Annobar Kafin A Yi Mata Zancen Lafiya

A ƙasar nan ba kasafai ake tunkarar talaka da zancen lafiyar jikinsa ba sai annoba ta riga ta shigo gari. A ranar ne za ka ga mota da lasifika tana zaga unguwanni, rediyo na maimaita sanarwa safe da yamma, an manna takardu a bangon asibiti, an kira masu unguwanni taron gaggawa. Da cutar ta lafa sai a watse, kowa ya kama gabansa. A ganin wannan jarida, wannan ɗabi'a ce ta hana aikin wayar da kan jama'a yin tasiri, kuma mutanen karkara irin na Bahuli ne suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Bahuli mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a jihar Adamawa. Ƙasar Fali ce, kamar Vimtim da Muchalla, a yankin duwatsun Mandara da suka raba Najeriya da Kamaru. Mutanen wannan yanki ba baƙin wahala ba ne. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta mamaye Mubi, jama'a suka tarwatse, wasu suka nufi Yola, wasu suka hau duwatsu, wasu suka tsallaka Kamaru. Ma'aikatan lafiya ma mutane ne, su ma sun gudu. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma allurar rigakafin da yaro ya rasa da awon cikin da mace ta tsallake ba su dawo tare da sojoji ba.

Shekara huɗu ba su cika ba, a watan Mayun 2018, kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu. Cikin 'yan makonni waɗanda suka kamu suka kai ɗaruruwa, aka rasa rayuka. An buɗe wurin jinya na musamman a Babban Asibitin Mubi, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyoyin agaji suka shigo, aka riƙa zuba sinadarin tsaftace ruwa a wuraren ɗibar ruwa, masu faɗakarwa suka bi gida gida. Abin da muke so a riƙe daga wancan lokaci shi ne mutane sun saurara. Wanda ake cewa ba ya jin magana ya ji, ya tafasa ruwa, ya wanke hannu da sabulu, ya ɗauki mai amai da gudawa ya kai asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba. Ashe dama matsalar ba taurin kai ba ce. Ba a saba zuwa ƙofar gidansa a yi masa bayani da harshen da yake ji ba ne.

Kwalara na kisa ne ta hanyar zuƙe ruwan jiki, kuma tana iya kayar da ƙato cikin awoyi. Amma taimakon farko yana nan cikin kowane gida: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba maras lafiya kaɗan kaɗan har a isa asibiti. Idan akwai ƙunshin wannan haɗi da ake sayarwa a kemis, ya fi. Yaro mai gudawa kuma a haɗa masa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kada a yanke masa nono. Wannan ilimi bai kai karatun minti biyar ba, amma uwar da ta haihu bana ba ta cikin waɗanda aka koya wa a 2018. Wace hukuma ce ta koma ta koya mata? Ɓullar kwalara a Yola da kewayenta a Satumban 2024, bayan ambaliya, ta nuna cewa cutar ba ta yi ƙaura daga Adamawa ba.

Kwalara ma aƙalla tana da hayaniya. Wadda ta fi damun mu ita ce cutar da ba ta da mai shela. Hawan jini na iya zama a jikin mutum shekaru yana noma, yana cin kasuwa, ba ya jin komai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan baligi ɗaya cikin uku a duniya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Rana ɗaya sai a ji magidanci ya yanke jiki ya faɗi, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Nan take sai a ce jifa ne, ko iska ta buge shi, a fara zargin abokin gaba ko kishiya, a kwashe kuɗin gyaɗa da na awaki a zuba wajen masu magani, alhali abin da ya faru jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Da an ɗaura masa na'urar awo a hannu shekara biyu kafin nan, an ga awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya zarce, da an ɗora shi kan ƙwaya mai araha. Ba mu raina addu'a, kuma ba mu ce a bar ta ba. Amma mai addu'ar neman amfanin gona ma sai ya yi shuka.

Akwai abubuwa biyu game da hawan jini da ya kamata kowane baligi a Bahuli ya ji har ya gaji da ji. Na farko, maganinsa ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha a warke a ajiye. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi ya koma gidan jiya. Na biyu, gishirin da mutum zai ci a yini bai kamata ya kai ƙaramin cokali ɗaya ba, kuma dunƙulen ɗanɗanon da ake jefawa a miya uku uku, huɗu huɗu, yawancinsa gishiri ne. Wannan magana ta mai riƙe da tukunya ce, don haka ita za a je a samu.

Sai kuma al'adar kemis. Duk wanda jikinsa ya yi zafi sai ya aika yaro da 'yan kuɗi: a haɗa mini na maleriya da taifot. Mai shago ya ƙulla ƙwayoyi kala kala a leda, a sha na kwana ɗaya, jiki ya ɗan saki, a bar sauran. Gaskiya ne Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, amma ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Gwajin ɗigon jini a yatsa bai wuce minti 20 ba. In an tabbatar, maganin na kwana uku ne cur, kuma yanke shi a tsakiya na taimaka wa ƙwayar cutar ta gagari magani. Haka nan yawan roƙon a yi wa mutum ƙarin ruwa ko allura, kamar ƙwaya ba magani ba ce. Masu kemis su ne likitocin da talaka ya fi gani, ko mun so ko mun ƙi. Maimakon a riƙa tuna su sai ranar kame, a tara su a koya musu abin da za su iya bayarwa da lokacin da ya wajaba su ce wa mutum: wannan ya fi ƙarfina, tafi asibiti.

Game da mata masu juna biyu, an daɗe ana wa'azi ga wadda ba ita ke da wuƙa da nama ba. Ana tara mata a asibiti a ce su riƙa zuwa awo, alhali izinin fita da kuɗin mashin suna hannun maigida, shawarar inda za a haihu kuma sau da yawa tana hannun uwar miji. Maigida ne ya kamata ya san cewa zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani ko jijjiga ba laulayi ba ne da za a ce a yi haƙuri zuwa safe. A same shi a majalisa, a teburin mai shayi, a masallaci ranar Juma'a, a coci ranar Lahadi.

Kuma a yi masa magana da bakinsa. Takarda da Turanci a bangon asibiti ta mai wucewa ce kawai. A yankin Mubi ana jin Hausa da Fulatanci, amma akwai tsohuwar da maganar ba za ta shige ta ba sai da Fali ko Gude, daga bakin ɗiyar maƙwabcinta. Mun ga wannan a yaƙi da shan inna. A 2003 an ƙaurace wa rigakafin a wasu jihohin Arewa saboda rashin yarda. Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar sarakuna da malamai da matan unguwa masu bin gida gida. An ga na ƙarshe da ya kamu da ainihin ƙwayar cutar a Borno a 2016, a Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wannan tsari yana nan bai rushe ba. Mai Martaba Sarkin Mubi, Alhaji Abubakar Isa Ahmadu, da hakimansa da jaurori za su iya ɗora zancen hawan jini da awon ciki da tsaftar ruwa a kan hanyar da ta ɗauki zancen shan inna.

Sai dai ba za mu yarda a mayar da "ku kula da kanku" mafakar gwamnati ba. Rashin adalci ne a ce wa mace ta wanke hannu a inda ita da shanu ke shan rafi ɗaya, ko a ce wa dattijo ya je awon jini a asibitin da na'urarsa ta lalace. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, manufar ƙasa kuma ita ce kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki sosai. Bahuli mazaɓa ce, tana da haƙƙi a cikin wannan. Sanin wannan haƙƙi da neman bayanin yadda ake kashe kuɗin shi ma kula da kai ne, kuma aikin kwamitin raya mazaɓa ke nan.

Muna kira ga Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Adamawa da shugabancin Mubi ta Arewa da su sa faɗakarwa cikin kasafin kuɗi na kowace shekara, su biya masu bin gida gida haƙƙinsu a kan lokaci, su kai na'urar awon jini kasuwa ranar cinta, su gyara rijiyoyin burtsatse kafin damina ta sauka. Kai kuma mai karatu, in ka haura shekara 40 ba ka san awon jininka ba, ka je a auna ka cikin makon nan, ka tafi da maiɗakinka.