Karatun Dakta A Kan Halittun Daji: Ina Aikin Yake?

Ya 'yan'uwana ɗalibai, a ajin kimiyya kusan kowa likitan asibiti yake son zama. In mutum ya ce shi halittun daji zai karanta har ya kai digiri na uku, watau na Dakta, sai a ce masa, "Wa zai biya ka don ka ƙirga tsuntsaye?" Tambayar kuwa ba ta banza ba ce, iyayenmu ma ita za su yi.

Hanyar doguwa ce. Shekara 4 digirin farko, 1 bautar ƙasa, kamar 2 digiri na biyu, sa'an nan aƙalla 3 na uku. Shekara 10 ke nan, in ba a yi yajin aiki ba. Wuraren aikin kuma ba su da yawa: koyarwa a jami'a, cibiyoyin bincike irin ta aikin gona a Samaru da ta ƙudan tsando a Kaduna, gandun daji kamar Yankari, sai ƙungiyoyin kare muhalli, waɗanda sau da yawa in kuɗin aiki ya ƙare, aikin ma ya ƙare.

Amma fa bukatar masanan tana nan. A fadamar Haɗeja da Nguru ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, tsuntsaye jan-baki kuma suna samun mafaka cikinta, su fito su cinye shinkafa da geron talaka. Ba daga ofis za a gane maganin wannan ba, sai wanda ya shiga kwalekwale, ya jure wa sauro, ya san inda suke kwana da lokacin da suke ƙyanƙyasa.

A ganina kada mutum ya nemi digiri na uku don kawai ya rasa aiki. Ya fara ɗanɗana dajin tukuna. Jane Goodall ta shiga dajin Gombe ta Tanzaniya (ba tamu ba) a 1960 tana nazarin manyan birai, sai a 1962 ta fara karatun Dakta a Kambirij. Mu ma muna da cibiyar Leventis ta binciken tsuntsaye kusa da Jos, inda ake yin digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. A can mutum zai gane ko zai iya tashi da asuba kullum.

Har wa yau, kada mu raina darasin lissafi da na kwamfuta, domin wanda ya iya sarrafa alƙaluman bincike, ma'aikatar lafiya ko ta gona ma tana iya ɗaukarsa.